Auna nisa da ɗige-ɗigen madubin bindiga

Tambaya: Malam, ni maharbi ne daga Ɗorayi, ina da lasisin bindigata. Madubin da na ɗaura mata yana da ɗige-ɗige jere a kan layuka biyun da suka ratsa juna. An ce da su ake gane nisan abu. Ta yaya?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Yawancin irin wannan madubi ma'auninsa mil ne (ma'aunin kusurwa, ba mil na tsawon hanya ba), kuma daga tsakiyar ɗigo zuwa tsakiyar na gaba mil ɗaya ke nan. Ka lura, tsakiya zuwa tsakiya, ba gefe zuwa gefe ba. Mil ɗaya yana rufe santimita 10 a nisan mita 100, santimita 20 a mita 200, haka abin yake ta hauhawa.

Lissafin: girman abin a santimita, ka ninka da 10, ka raba da yawan mil ɗin da ya cika. Abin da ya fito shi ne nisa a mita. Bulon gini tsawonsa santimita 45 ne. In ya cika mil 3, yana mita 150. In mil ɗaya da rabi, mita 300.

Wannan ko ɗan firamare zai yi. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sanin girman abin da karanta ɗigon. A ce gada ce, tsayinta zuwa kafaɗa kamar santimita 50. Ka karanta mil 2, mita 250 ke nan. In kuwa ainihinsa 1.8 ne, tana wajen mita 278. Ɗan wannan kuskuren da ido bai cika kamawa ba ya ci mita 28, kuma ƙara nisa ƙara muni. Ga shi gada ba bulo ba ce, wata ta fi wata girma, ciyawa kuma na ɓoye ƙafafunta. Harsashi yana sauka yayin da yake tafiya, don haka kuskuren nisa shi ke sa a raunata dabba ta gudu ta mutu a banza. Shi ya sa ni ba na son maharbi ya dogara da ɗigo kaɗai a nisan da ya wuce wanda ya saba.

Sai ka binciki madubinka. In kana murɗa abin jawo hoto kusa ka ga ɗige-ɗigen na girma tare da hoton, lissafin daidai yake a kowace lamba da ke jikin abin murɗawar. In hoton kaɗai ke girma, lissafin na aiki ne a lamba ɗaya tak, galibi ta ƙarshe, a wasu kuma 10. Takardar madubin za ta nuna maka. Akwai kuma madubai masu wani ma'aunin kusurwa daban da ake kira MOA, wanda ɗaya ke rufe kusan santimita 2.9 a mita 100. Kada ka haɗa su.

Yanayinmu ma na da nasa: hazon hunturu na dushe gefen abu, kawalwalniyar bazara kuma na sa shi rawa. Ka dogara madubin a kan abu mai ƙarfi kafin ka karanta.

Don Allah in za ka gwada a cikin gari, ka kwance madubin daga jikin bindiga tukuna. Ba a saita bindiga wajen gidaje ko mutane da sunan awo, ko da babu harsashi. Ka samu fili, ka ajiye bulo, ka yi lissafinka, sannan ka auna da tef ka ga bambancin.