Ma'aikaci ya bar aiki da makullin shiga a wayarsa, yaya za a yi?

Malam, ka tambaya ko makullin shiga, wato passkey mai maye gurbin kalmar sirri, da ke bin mutum daga waya zuwa kwamfuta zai zame wa kamfani matsala idan ma'aikaci ya tafi.

Makullin kashi biyu ne. Na sirri yana wajen ma'aikaci, na fili yana sabar kamfani, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun ma'aikata. Ranar da ya ajiye aiki, ku goge na filin, ku rufe asusunsa, ku katse duk zaman da yake buɗe. Abin da ya rage a iCloud ɗinsa ko Google ɗinsa ya zama ƙarfen banza, ba ƙofar da zai buɗe.

Inda matsalar take shi ne hanyar dawo da asusu. Makullin yana ɗaure da adireshin shafin kamfani, ba zai yi aiki a shafin bogi ba. Amma in kun bar hanyar "na manta" tana aika lamba ta saƙon waya, ɓarawo ta nan zai shigo, ya yi wa kansa sabon makulli. Ku toshe ta.

Masu riƙe da ikon gudanarwa kuwa, ku ba kowa makullin ƙarfe, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a kwamfuta, irin YubiKey guda 2, ɗaya a aljihu, ɗaya a kulle.