Ciko, Hula ko Cirewa? Likitan Haƙori Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, turmina na ƙasa ya yi kogo. A asibiti nan Garwa an ce in zaɓa, baƙin ciko ko fari. Wanne ya fi? Ni tela ne, aljihun ba nauyi.

Amsa: Malam, baƙin cikon nan haɗin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe, kusan rabinsa kuma zaiba. Yana da ƙarko, yakan wuce shekara 10 ana tauna a kansa, ga sauƙin kuɗi. Zaibar ce ta sa duniya ke ja da baya da shi: ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don rage amfani da zaiba, a 2022 an amince a daina sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Farin yana manne wa haƙori, ba sai an sassaƙe da yawa ba, sai dai ba ya shiri da yawu lokacin sawa, yana buƙatar hannu mai natsuwa. In kogon ƙarami ne, farin zan zaɓa maka. Mai tsohon baƙin ciko da bai tsage ba kuwa, ya bar abinsa.

Tambaya: Likita, kwana uku ban runtsa ba, haƙori na zuga har cikin kunne. Na sa kanumfari, wani ya ce in ɗiga ruwan batir ya kashe tsutsar. Gara in je a cire in huta. Daga wata baiwar Allah a Kusiri.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ruwan batir ya kusanci bakinki. Ƙona dasashi yake yi, ciwon kuma yana nan. Babu tsutsa a haƙori; ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Zugin da ke hana barci alama ce ta cewa ruɓa ta kai jijiya, ciko kaɗai ba zai yi ba. A fara ɗaukar hoto. In saiwar na da ƙarfi, a kashe jijiyar, a wanke ramin, a toshe, sannan a ɗora wa haƙorin hula, don turmin da aka kashe wa jijiya yana saurin tsagewa. Zuwa biyu ko uku ne, kuma ya fi cirewa tsada, na sani. Amma raina na ɓaci in ga mace mai shekara 30 da giɓi uku da ana iya hanawa. Giɓi ba ya zama shiru: maƙwabtan haƙorin su karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe guda. Cike gurbin daga baya, ko da haƙorin roba, ko gada wadda sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu, ko dashen ƙarfe a ƙashi mai jiran watanni, duk wani kuɗin ne. In ya ruɓe har ƙarƙashin dasashi, to a cire. Idan fuska ta kumbura, ga zazzaɓi ko wahalar haɗiya, a tafi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.

Tambaya: Zan iya rufe ruɓaɓɓen haƙorina da haƙorin Makka? Wata Hajiya daga Ngawundare.

Amsa: Hajiya, sai an kankare ruɓar tukuna. In aka kifa zinariya a kanta, ci za ta yi ta yi a ɓoye har wari ya tona ta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 turminsa na can ƙarshe ya yi rami. Kakarsa ta ce a bari zai yi famfara. Daga Marwa.

Amsa: Maman yaro, a gaishe min da Kaka, amma wannan turmin ba ya famfara. Yana fitowa wajen shekara 6 a bayan haƙoran yarinta guda 20, bai ture kowa ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na wucin gadi. Akwai farin ciko mai sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ana iya sawa da kayan hannu ko babu lantarki, yara kuma ba sa tsoronsa kamar injin sassaƙar haƙori. Ki kai shi a wannan makon, tun ramin bai kai jijiya ba, a kuma rage masa alewa da shayi mai zaƙi kafin kwanciya.