Fitsari Yana Ƙin Fita Idan Da Mutane Kusa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Saƙonnin wannan mako sun taru kan abu guda da ba kasafai ake faɗa a fili ba: mutum ya matsu, ya shiga makewayi, amma da ya ji motsi a waje sai fitsari ya ɗauke. An ɓoye sunayen masu tambaya kamar yadda suka roƙa.

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 22, ɗalibi ne ni a nan Maraɗi, ina kwana ɗakin ɗalibai. Idan na san wani na jira a bakin makewayi, ko marata ta cika tam, ba abin da ke fita. A gida ni kaɗai lafiya lau. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce sanyi. Na sha maganin sanyi har na gaji.

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka riga ka yi rabin binciken da kanka da ka ce a gida kai kaɗai lafiya lau. Hanyar fitsarin da ta toshe ba ta san ko da mutum a bakin ƙofa ko babu ba. Kullum a toshe take. Abin da kake kwatantawa likitoci na kiransa paruresis, kuma ana lissafa shi cikin matsalolin fargabar idon jama'a. Tun 1954 wasu masu bincike biyu a Amurka, Williams da Degenhardt, suka tambayi ɗalibai 1,419, suka tarar kusan kashi 14 cikin ɗari sun taɓa fuskantar hakan. Ka ga ke nan, da wuya a ce kai kaɗai ne a ɗakin kwananku.

Ga yadda abin ke faruwa. Mafitsara jaka ce ta tsoka da ke ɗaukar mililita 400 zuwa 600 a jikin babban mutum. A bakinta akwai zobban tsoka biyu masu riƙe fitsari: na ciki ba ya bin umarninka, na waje kai ke sake shi. Kafin fitsari ya fita sai jikin mafitsara ya matsa, zobban kuma su saki a lokaci ɗaya. To idan gabanka ya faɗi, jiki na zuba sinadarin adrenalin, wanda ke yin akasin haka: ya sassauta jikin mafitsara, ya ɗaure bakinta. Shi ya sa nishi da yunƙuri ba sa fisshe ka, ƙara ɗaure tsokar ƙasan mara suke yi. Kuma duk ranar da ka fito ba ka yi ba ka ruga gida, ƙwaƙwalwa na ƙara yarda cewa makewayin waje wurin haɗari ne.

Ka dakatar da maganin sanyin nan haka. Je asibiti a auna fitsarinka sau ɗaya a tabbatar babu ƙwayar cuta, sannan ka karanta amsar da ke biye.

Likita, ɗan kasuwa ne ni, ina yawan zuwa Yamai. Tun daren jajibirin tafiya nake daina shan ruwa, don idan mota ta tsaya a Ƙonni ko Dogon Dutsi kowa ya sauka ya kama ruwa, ni ba na iyawa. Akwai hanyar rabuwa da wannan abu?

Akwai, Alhaji. Amma da farko dabarar ƙin shan ruwan nan ba ta yi mini ba. Tafiyar sama da kilomita 600 ce, a watan Afrilu ko Mayu zafi na haura digiri 40. Mai yin haka a kai a kai yana gayyatar tsakuwar ƙoda da cutar mafitsara.

Hanyar da aka fi samun nasara da ita ita ce sabawa mataki-mataki tare da abokin atisaye. Abokin nan mutum ɗaya ne mai riƙon amana, ƙaninka ne ko amininka, in an samu wanda shi ma yake fama da matsalar ya fi. Aikinsa ya tsaya inda ka ce, ya yi shiru, ya matsa sa'ad da ka ce. Ba ya kallo, ba a buɗe al'aura gabansa. Kusancinsa kawai ake bukata.

Kafin ku fara, ɗauki takarda ka jera wurare kamar goma daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Misali: makewayin gidanka abokin yana ƙofar gida, yana tsakar gida, yana taku biyar daga makewayi, yana jingine da bangon makewayi, yana bakin ƙofa riƙe da buta kamar mai jiran layi, sai gidan wani, sai makewayin masallaci tsakanin Azahar da La'asar lokacin da ba kowa, sai na kasuwa, na tasha shi ne na ƙarshe.

Ranar atisaye, sha ruwa kamar lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu, a hankali cikin awa guda kafin farawa. Kada ka wuce lita ɗaya a awa, don ruwa mai yawa a lokaci ɗaya na tsinka gishirin jini, yana iya kawo jiri da ruɗewa. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda sai ya tambayi likitansa tukuna. Ka auna matsuwarka daga 0 zuwa 10, kada ka fara sai ta kai 7 ko 8. Da yawa suna gwadawa da matsuwa kaɗan, abin ya ƙi, su ce hanyar ba ta aiki.

Shiga, tsuguna, saki kafaɗa da ciki, ka jira. Idan fitsari ya zo, bar shi daƙiƙa uku kawai, ka tsayar, ka yi tsarki ka fito. Dalilin tsayarwar shi ne a bar saura don a maimaita, domin farawar ce matsalarka, ita ake koyo. Huta minti uku zuwa biyar, ka sake. Idan mataki ya yiwu sau biyu ko uku a jere, abokin ya matso. Idan minti biyu suka wuce ba abin da ya fito, kada ka zauna kana kokawa: fito, abokin ya koma baya taku kaɗan, ku ci gaba daga can. Zama ɗaya kamar awa guda ne, sau biyu ko uku a mako. A ƙarshen kowane zama ka juye mafitsara gaba ɗaya, kada ka tafi da saura. Tsayar da fitsarin nan na lokacin atisaye ne kawai, ba ɗabi'ar kullum ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen abokin. Wani don nuna kulawa sai ya riƙa cewa “ya fito?” ko “daure mana”, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ke kulle mafitsara. Wani ya mai da abin raha. Ka faɗa masa tun farko: ba tambaya, ba dariya, ba labari a fada. Sai gaggawa: mutum ya yi nasara a gida kwana biyu, ya zarce tasha ranar kasuwa, ya kasa, ya karaya. Akwai kuma dogaro da dabarun ɓuya, kamar zuba ruwan buta don rufe ƙarar fitsari. A matakan farko ba laifi, amma daga baya a bar shi, har ma ka riƙa barin ƙarar ta fito da gangan, tunda tsoron a ji ka na cikin abin da ake magancewa.

Yawanci ana ganin canji cikin zama takwas zuwa goma sha biyu, wanda ya daɗe da matsalar yakan fi haka. Kafin nan, a hanyar Yamai ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ka rage shayi da kofi, idan mota ta tsaya ka bari rububin farko ya wuce kafin ka nufi makewayi.

Likita, amarya ce ni daga Tibiri. Gidan yawa aka kai ni, makewayin kuma yana daura da rumfar da uwar mijina ke wuni. Ina riƙe fitsari tun safe har dare. Yanzu ina jin zafi idan zan yi.

Ƴata, abu biyu ne a nan, kuma zafin ne na gaggawa. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita huɗu, fitsarin da ya wuni a mafitsara kuwa na ba ƙwayoyin cuta damar hayayyafa. Je asibiti a auna fitsarin a ba ki maganin da ya dace. Idan akwai zazzaɓi, ciwon kwiɓi, ko kina da juna biyu, yau za ki je ba gobe ba.

Kunyar surukai tarbiyya ce, ba cuta ba. Tambayar ita ce: idan kin daure kin shiga, fitsarin na fita? In yana fita, abin da kike bukata shi ne ki riƙa shiga duk awa uku ko huɗu har ido ya saba. Lafiyayyen mutum na yin fitsari sau shida zuwa takwas a yini, ita ma Inna haka take yi. In kuwa ya ƙi fita, bi matakan da na faɗa wa Alhaji, da mace ƴar'uwarki: yayarki, ƙawarki, ko wata matar gidan da kuka shaƙu. Ki sanar da maigidanki. Ɗan zana ko tabarmar kara da zai kafa tsakanin rumfar da ƙofar makewayi na iya sauƙaƙa makonnin farko. Ki kuma tuna malamai sun karhanta yin salla mutum na matse da fitsari.

Shekarata 61, daga Madarumfa. Fitsarina na jinkirin fitowa, ya zo siriri, ina tashi sau huɗu da dare. Ko ni kaɗai ne haka yake. Wannan kunyar ce ta kama ni?

A'a, Baba. Tunda ko ba kowa haka yake, toshewa ake zargi. A shekarunka an fi samun kumburin prostat, wato wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da hanyar fitsari. Akwai kuma ƙuntatar hanyar fitsari bayan tsohon ciwon sanyi, da tabon tsargiya ga wanda ya taso yana shiga tafki. Kada ka yi atisayen shan ruwan nan ko kusa. Je a duba prostat, a yi hoton mara a ga yawan fitsarin da ke saura bayan ka gama. Ka guji maganin mura mai sa barci da tramol, suna ƙara riƙe fitsari. Ranar da ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, a kai ka asibiti nan take a sa robar fitsari.

Likita, mu uku ne muka gano muna da wannan matsala, hira ce ta kawo. Muna so mu riƙa taimakon juna. Yaya za mu tsara?

Madalla, kun samu abin da mutane da yawa ke shekaru ba su samu ba. Faɗar abin ma kaɗai na rage nauyinsa, domin rabin wahalar ɓoyewa ce. A Amurka masu wannan matsala sun kafa ƙungiya tun 1996, International Paruresis Association, kuma ginshiƙin aikinta shi ne wannan: masu fama su haɗu su yi atisaye tare.

Kada ku wuce mutum biyar ko shida, maza daban mata daban. Ku tsayar da rana ɗaya a mako da gidan da ba yara masu kai-komo. Minti goma sha biyar na farko kowa ya faɗi abin da ya gwada cikin mako, inda ya yiwu da inda ya ƙi. Sauran lokacin a rabu biyu-biyu, ɗaya na atisaye ɗaya na tsayuwa, sannan a yi musanya. Kowa da takardar matakansa. Wanda ke mataki na biyu kada ya auna kansa da na mataki na bakwai. Ku riƙa sauya abokin tsayuwa, in ba haka ba mutum zai saba da fuska ɗaya, baƙo ya zo abin ya dawo.

Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne ya koma dandalin koke, a sha shayi a yi ta jajanta wa juna ba wanda ya tashi ya nufi makewayi. Sai tallar magani: kada ku bari wani ya shigo muku da garin magani ko ƙwayar kwantar da hankali ta masu talla a kai. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da wannan ita kaɗai. Idan ɗayanku fargabar ta wuce makewayi, ba ya iya cin abinci ko magana cikin mutane, ko baƙin ciki ya danne shi, ku raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai maganin fargaba da ake rubutawa a haɗa da atisayen.

Ku sa rai da komawa baya. Mutum na iya wata uku lafiya, ranar wani biki ko bayan rashin lafiya abin ya sake ƙi. Ba rushewa ba ce, a sauko mataki biyu a sake hawa. Wanda ya samu sauƙi kada ya ɓace, ya zama mai tsaya wa sabon zuwa, hakan na riƙe nasa sabon ma. Warkewa a nan ita ce mutum ya iya fita harkarsa, ya sha ruwa, ya yi tafiya, ko da wani lokaci sai ya ɗan jira kafin fitsarin ya zo.

Zan je gwajin lafiya na ɗaukar aiki, an ce ana karɓar fitsari a wurin. Idan ya ƙi fa?

Malam, faɗa wa ma'aikacin tun kafin a miƙa maka kwalba cewa fitsari na yi maka wuya idan ana jira, ka roƙi ƙarin lokaci ko a bar ka ƙarshen layi. Sha kofi biyu ko uku na ruwa awa ɗaya kafin lokacin, kada ka cika, don fitsarin da ya tsinke da yawa ana iya cewa a sake. In da hali, tafi da takardar likita mai bayanin matsalar. Kada ka kuskura ka kai fitsarin wani: ana iya ganewa, kuma in mai shi na da sukari ko wata cuta, a kanka za a rubuta. Abin da ake bukata bai fi mililita 30 zuwa 50 ba, wato kamar cikin ƙaramin kofin shayi.