Amsar Baffa kan kambas mai tsada da kayan angonci

Assalamu alaikum ɗana Sadik, tare da fatan kana lafiya, ya shirye-shirye? Allah ya kai mu lokacin lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokanka sun yanke shawarar fitowa da farin kambas na manyan kamfanoni a ƙarƙashin shadda ranar ɗaurin aurenka, suna so kai ma ka sa irinsa da babbar riga. Kana tambaya ko al'ada ta hana, in kuma ba ta hana ba, wanne za ka saya, kuma ta yaya za ka gane na gaske. Na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambaya tun kuɗin suna aljihunka.

Babu wata doka a gidanmu ko a garin nan da ta ambaci kambas da suna. Abin da al'ada ta kafa shi ne cire takalmi, kuma da wannan ma'aunin ake duba kowane takalmi a Kano: yaya saurin fitarsa daga ƙafa? Ka lissafa da kanka ranar ɗaurin aure. Za ka cire a ƙofar masallaci. Za ka cire a zauren waliyyin amarya, ka cire kafin ka hau darduma gaban surukanka maza, ka sake cirewa a ƙofar ɗakin iyaye mata, sannan ga alwalar azahar da ta la'asar, ga dattijon da za ka yi kiciɓis da shi a soro dole ka zube ka gaishe shi. Da wuya ka tashi da ƙasa da sau goma. A kowane ɗaya kuma idanu na kanka. Ango ya iso gaban surukinsa, maimakon ya zame takalmi da ƙafa ɗaya ya durƙusa, sai ya tsaya ya sunkuya yana kwance igiya, hannun babbar riga na zubowa ƙasa, dattijo yana zaune yana jiransa. Ba wanda zai ce masa uffan a wurin, amma an gani, kuma za a faɗa bayan ya fita. Shi ya sa takalman da iyayenmu suka riƙa sawa, fade ne ko sambatsai ko sau-ciki mai buɗaɗɗen baya, duk an yi su ne yadda ƙafa za ta fita ba tare da hannu ya taimaka ba.

Shi kuwa kambas an ƙera shi ne don kada ya fita. Asalinsa takalmin filin wasa ne. Converse ta fitar da All Star a 1917 don 'yan ƙwallon kwando, Puma da Adidas suka kafu a Jamus a 1948 da 1949 a hannun 'yan'uwa biyu, Rudolf da Adolf Dassler, suna yi wa 'yan gudu da 'yan ƙwallo takalma. Igiyar nan, da taurin da ke bayan dunduniya, da soson da ya rungume idon sawu, duk aikinsu ɗaya ne, su riƙe ƙafar mai tsalle. Inda labarin ya juya shi ne 1985, lokacin da Nike ta fitar da Air Jordan 1 da sunan shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan a kan dala 65. Daga nan matasan Amurka suka ɗauke shi daga fili suka kai shi titi, mawaƙa suka ɗaukaka shi, har aka fara tara shi kamar yadda ake tara agogo. Gidajen ado na Turai sun daɗe suna kallonsa a matsayin kayan yara, sai da suka ga inda kuɗin matasa ke tafiya. Gucci ta fito da Ace a 2016, Balenciaga ta fito da Triple S mai katon tafi a 2017, a shekarar kuma mai zana kayan sawa Virgil Abloh, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, ya sake fasalin takalma goma na Nike, kafin Louis Vuitton ta ba shi jagorancin kayan maza a 2018. A 2020 Dior ta haɗa hannu da Nike suka fitar da Air Jordan 1 a kan dala 2,000 zuwa 2,200, kuma ko da kuɗinka sai ƙuri'a ta faɗo kanka za ka saya. A Fabrairun 2022 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da ƙafa 200 na takalmin Air Force 1 na haɗin gwiwar Nike da Louis Vuitton a kan sama da dala miliyan 25.

Ka lura da maganar ƙuri'ar nan, don a nan tsadar take. Da gangan ake yin kaɗan, a sa rana da sa'a, mutane su yi rububi, waɗanda suka samu su sake sayarwa da riba a kasuwannin intanet irin su StockX. Kuɗin da za ka biya, kaso mafi girma na suna ne da ƙaranci. Fatar da roba da ɗinkin kaɗan suka ci a ciki.

Wannan yana min ciwo, domin kai ɗan garin fata ne. Fatar jar akuya da ake jemewa da bagaruwa a ƙasar Hausa ita ce ta riƙa ƙetare Sahara, Turawa suna saye a hannun 'yan kasuwar Maroko suna kiranta da sunan Maroko. Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da dukawan garin nan ke ɗinkawa har arewacin Afirka ake kai su. Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya. Takalmin alfarma ma ba baƙo ba ne a wurinmu: takalmin gashin jimina da Sarki ke sawa, tarihin Kano ya danganta shi da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma ka duba, shi ma yana da mai shi da ranarsa da wurinsa.

To ga shawarata kai tsaye. Ranar ɗaurin aure da ranar gaisuwar surukai, kada ka sa kambas. Ka sa sau-ciki na fata mai buɗaɗɗen baya, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda launinsa ya ɗauko ɗaya daga cikin zaren hularka. Ban da maganar cirewa, babbar riga ba ta karɓar kambas. Riga mai aska takwas tana da faɗi da nauyi, ido yana sauka daga hula zuwa aikin ƙirji, ana so ƙafa ta yi shiru. Farin takalmi mai tafin inci biyu yana jan ido ƙasa, bakin wando ya taru a kan harshensa ya yi cukurkuɗe, in ka zo durƙusawa kuma tafin ba ya lanƙwasuwa, sai ka ji kana neman faɗuwa gaba. Abokanka su ma ka roƙe su su haƙura a wannan safiyar, don masallacin ɗaurin aure wuri ne na cunkoso, takalma ɗaruruwa a ƙofa, wanda ya fi ƙyalli shi ke fara ɓata. Mai tsoron ɓatan takalminsa sai ya shiga da shi a leda, hankalinsa na kan ledar ana karanta siga.

Wajen dina da zaman abokai kuwa, inda kan kujera za a zauna kuma sa'o'inka ne suka fi yawa, ban ga laifi ba. Sai dai a yi shi da tsari. Kaftani mai tsayawa a gwiwa ko 'yar shara, ba babbar riga ba. Ka gaya wa tela tun kafin ya yanka cewa da kambas za ka sa, ya tsuke bakin wandon zuwa inci goma sha uku ko sha huɗu gwargwadon ƙafarka, tsawon ya tsaya daidai ƙashin idon sawu. Takalmin ya zama na fata, launi ɗaya, mai siririn tafi, ba mai rubutu manya-manya ba. Safa gajera mai tsabta, domin ko a can wani kawun amarya zai iya bayyana ka cire.

Yanzu maganar saye, kuma a nan nake so ka natsu. Yawancin abin da ake nuna muku a waya da sunan Dior ko Balenciaga a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin kamfani ba, jabu ne. Garin Putian na ƙasar Sin ya yi suna a wannan sana'a, kuma sun ƙware har kwali da takardar shaida suna bugawa. Kada kuma ka ɗauka ganin an rubuta ƙirar Sin shi ne shaidar jabu, domin Nike da Adidas a Biyetnam da Indonesiya da Sin ake yi musu yawancin kayansu, Balenciaga ma ta mayar da ƙirar Triple S daga Italiya zuwa Sin. Abin da za ka duba daban ne. Ɗaga harshen takalmin ka karanta lambar da ke jikin ƙyallen ciki. A na Nike harafi da lamba shida ne, sai ɗan layi, sai lamba uku ta launi. Dole ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma in ka bincika ta a intanet hoton takalmin da ke hannunka ya fito, da launinsa. Zare shimfiɗar ciki ka ga ɗinkin da ke ƙarƙashinta, na gaske yana tafiya daidai ba tsalle. Ajiye ƙafar dama da ta hagu a kan tebur ka dube su ta baya, tsayin dunduniya ya zo ɗaya, kada ɗaya ta karkace. Shinshina cikinsa: warin gam mai hawa kai kamar na mai facin taya alama ce ta aikin gaggawa. Danna fatar da babban yatsa. Fata ta gaske tana yin ƙananan tamoji ta koma, ta roba tana lotsawa sumul, kuma ita ce ke saɓulewa kamar ɓawon albasa bayan damina ɗaya. In mai kaya ya ce maka kwafi ne mai daraja ta ɗaya, ya faɗa maka gaskiya, sai ka biya kuɗin kwafi, kai ma in an tambaye ka kada ka ce na kamfani ne.

Gwanjo irin na Ƙofar Wambai ana samun na gaske a ciki, amma da tarko guda. Tafin wasu takalman, irin su Jordan 3 da 4 da tsofaffin Air Max, an yi tsakiyarsa da wani soso da ake kira foliyuretan. Danshin iska yana cin sa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri, kuma takalmin da aka ajiye ba a sawa ya fi saurin lalacewa. Sai ka ga sama fes kamar sabo, ka taka sau ashirin tafin ya ruguje kamar busasshen burodi. Wannan ba shushaina da zai gyara shi. Duba kwanan watan ƙira a ƙyallen ciki, in ya haura shekara biyar ka danna gefen tafin da farce. In ya koma, da sauransa. In ya bar rami ko ya yi gari, ajiye musu kayansu. Wanda ya fi daɗewa shi ne mai tafin roba da aka ɗinke shi da fatar a kewaye, kamar Air Jordan 1, domin ko gam ya saki zare na riƙe da shi.

Ka gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin. Lamba 43 ta wani kamfani ba ita ce 43 ta wani ba, don haka ka riƙe tsawon ƙafarka da santimita.

Garin nan kuma ba ya raga wa irin wannan takalmi. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, wanda aka bari a but ɗin mota ko a rana ƙofar masallaci gam ɗinsa yana laushi, baki ya buɗe. Rana tana mayar da farin tafi rawaya. Ƙurar hunturu tana shiga mai raga-raga da mai fata irin ta karammiski ta zauna, don haka ka guje su. Babban mai kashe shi kuma taka dunduniya: mutum ya yi alwala yana sauri ya take bayan takalmin ya mayar da shi silifas, taurin da ke ciki ya karye, ba ya sake miƙewa har abada. Ka riƙa tafiya da silifas na alwala, ka tsane tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa, in ba haka ba wari da ƙaiƙayin yatsu za su biyo baya. Kada ka sa shi kwana biyu a jere, ba shi wuni guda ya sha iska.

Wankinsa ba a jiƙawa a bokiti. Zare igiya da shimfiɗa ka wanke su daban, ka kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi tukuna, don ƙura in ta haɗu da ruwa taɓo take zama ta shige ɗinki. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a rabin lita na ruwa mai ɗumi ya isa. Goga da tsohon buroshin haƙori, share da farin tsumma, cusa farar takarda a ciki, ba jarida ba don tawadarta na zuba, ka shanya a inuwa wuni da kwana. Bilic kada ya taɓa shi, yana ƙona zare ya bar rawaya.

Game da kuɗi, daidai ruwa daidai tsaki. In farashin takalmin ya kama hanyar sadakin da za ka bayar, dangin amarya za su ji, kuma ba za su ji daɗi ba, musamman in akwai abin da aka rage a lefe. Ka fara kammala wajibai. Sau-cikin kuwa ka je wurin dukawa a Kurmi ko Ƙofar Wambai tun da saura mako uku, su zana ƙafarka a kan takarda kana tsaye, ka tafi da hular da ƙyallen shaddar don a daidaita launi. Ka ce fata ciki da waje, tafi ɗinkakke. In ka karɓo ka sa shi a gida awa ɗaya kullum har kwana biyar, ya saki kafin ranar.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya sanya albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Baffanka.