Sayen tsohon gidan mai a Jos: ka fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tambaya: Ina son sayen wani tsohon gidan mai a kan hanyar Bauchi, nan Jos, wanda ya daɗe a rufe. Farashin ya yi mini, amma maƙwabta sun ce rijiyarsu tana warin fetur. Mai gidan ya ce in canja tanki kawai. In biya kafin alƙalami?

Amsa: Alhaji, kada ka biya tukuna. Canja tanki yana tsayar da yoyo ne kawai. Man da ya riga ya shiga ƙasa yana nan. A doka wanda ya zubar da man shi ke da alhakin kwashe shi, amma a aikace, ranar da lasisin ya koma sunanka, kai hukuma da maƙwabta za su tarar a wurin.

Hukumomi biyu ne a gaba. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, tsohuwar hukumar kula da harkar mai, ita ke ba gidajen mai lasisi. NOSDRA kuma, tun 2006, ita ke bin diddigin malalar mai. Dokarta ta ce a sanar da ita a rubuce cikin awa 24. Kowace ranar jinkiri tarar naira 500,000 ce, ƙin tsabtace wurin kuma naira miliyan 1. A jiha akwai PEPSA, hukumar kare muhalli da tsafta ta Filato, wadda maƙwabta za su iya kai wa ƙorafi.

Ka nemi takardun gwajin tankunan na ƙarshe, da littafin awon mai na kullum, inda ake haɗa abin da sandar awo ta nuna da abin da famfo ya sayar. Giɓin da yau ya hau gobe ya sauka, kuskuren awo ne ko zafin rana. Wanda kullum yake nuna mai ya ɓace, ko da lita 20 ce, shi ne abin tsoro: a shekara lita 7,300 ke nan. Sau da yawa ma ba tankin ne ya huje ba. Mahaɗar bututu ce, ko gindin famfo, ko bakin da tanka ke sauke mai.

Daga nan ka ɗauko kamfanin binciken muhalli da hukuma ta amince da shi, kuma kai za ka biya su, ba mai sayarwa ba. Za su haƙa ramukan gwaji a gefen tankuna, layin bututu da wurin sauke mai, su wuce gindin tankin, suna ɗibar ƙasa a zurfi daban-daban. A sa rijiyoyin sa ido aƙalla uku, domin da uku ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa. A ɗebi ruwan maƙwabtan ma, a kwalbar gilashi cike har baki, a sa cikin ƙanƙara. Samfurin da ya wuni a bayan mota, man cikinsa ya tashi, sakamakon zai fito tas alhali ƙarya ne.

Ƙa'idar EGASPIN, ta kare muhalli a harkar man fetur a Najeriya, ta sa iyakar da dole a yi aiki a kan miligiram 5,000 na mai a kilo ɗaya na ƙasa, da maikirogiram 600 a litar ruwan ƙasa (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya). Inda ake son a dawo bayan tsabtacewa kuwa miligiram 50 ne a ƙasa, maikirogiram 50 a ruwa. A lissafi, litar fetur ɗaya in ta narke duka ta isa ta kai ruwa sama da lita miliyan ɗaya wannan iyaka. Ka sa a auna benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, daban, don yana jawo cutar daji, kuma iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha maikirogiram 10 ce kacal.

Ƙasar Jos tana da nata hali. Rijiyoyin gidaje da yawa ba su da zurfi, a ƙasa kuma dutse ne mai tsage-tsage. In man yana cikin ƙasar sama, da sauƙi: a kwashe wanda ke yawo a kan ruwa, a haƙe ƙasar, a baza ta a kan shimfiɗar leda mai kauri, ana juyawa da taki har ƙwayoyin halitta su cinye man. Aikin watanni ne. In ya bi tsagar dutse, maganar shekaru ake yi, kuma shawararmu ita ce ka haƙura da cinikin. Gwajin rani kaɗai ma ba ya isa, domin ruwan damina yana tasowa ya wanke man da ya maƙale a sama.

In ka ci gaba, lauyanka ya rubuta cewa gurɓatar da aka samu kafin ranar miƙa wurin ta mai sayarwa ce, a haɗa sakamakon gwajin da yarjejeniyar. A riƙe wani kaso na kuɗin, daidai da ƙiyasin kamfanin binciken da ɗan ƙari, har hukuma ta sake ɗibar samfuri ta ba da takardar kammala aiki. Kuɗin ruwan sha na maƙwabta a tsawon aikin shi ma a faɗi wanda zai biya.

Tsofaffin tankunan kuma, kada mai walda ya taɓa su sai an wanke, an fitar da tururin man, an auna da na'ura. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.