Tambaya da Amsa: Tsofaffin Taragun Sikka Hadid (Jirgin Ƙasan Sudan) da Yadda Ake Ƙera Ƙananansu

Tambaya, daga wani ɗalibi a Gadarif: Assalamu alaikum Baba. A bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu akwai taragun kaya da suka daɗe a yashe. Tsatsa ta cinye fentin, ko rubutu ba a gani. Ina so in ƙera ƙananansu, amma ban san wanne ya girmi wanne ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka fara da tsugunawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan darisa ne, wato masu gyaran layin dogo, kuma a Sinnar Taƙaɗu'u ya yi yawancin aikinsa. Ban taɓa ganin ya kalli jikin tarago don ya san shekarunsa ba. Sai ya tattare jallabiyarsa ya durƙusa, ya leƙa ƙasa. Jiki ana sāke masa fenti, ana sāke masa katako, wani lokaci ma a ɗora sabo gaba ɗaya a ma'aikatar jiragen ƙasa ta Atbara. Ƙarfen da ke ƙasa kuwa shi ne ya fi daɗewa yana faɗin gaskiya.

Ka ƙirga ƙafafu tukuna. Akwai gajeren tarago mai ƙafa huɗu, an kafe su kai tsaye a jikin firam. Akwai kuma dogo mai ƙafa takwas, huɗu a gaba huɗu a baya, kowane rukuni a kan wani ɗan ƙaramin firam da ke juyawa idan an zo kwana. Shi ake kira boji. Gajerun sun fi yawa cikin tsofaffi, amma kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai.

Abin da na fi dogara da shi shi ne akwatin da ke riƙe kan gatarin ƙafa, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu. Tsohon salo akwati ne mai murfi da ake ɗagawa. A cikinsa ake cusa ɓarɓashin zaren auduga a jiƙa shi da mai, shi ke shafa wa ƙarfen mai yana tafiya. Ina yaro nakan bi mai duba ƙafafu a tasha, yana tafe da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana sauraron amon. Mai lafiya takan yi ƙara ta daɗe tana amsawa, mai tsaga kuwa sai ka ji ta a dakushe. Yana gamawa sai ya kai bayan hannunsa jikin akwatin. In ya ji zafi, ya buɗe murfin, sai wari ya buge ka, na ƙonannen mai da auduga, ka ga zaren ya yi baƙi ƙirin ya ƙanƙame. Irin wannan taragon cire shi ake yi daga jirgi, domin in aka bar shi wuta yake kamawa a daji. Sabon salo ba shi da wannan murfi. Za ka ga kan gatarin a rufe da ƙarfe mai da'ira, an ɗaure da kusoshi.

Daga nan ka shafa jikin firam ɗin da tafin hannu. In ka ji kawunan ƙusoshi a jere kamar ƙwayar gero, an haɗa shi da ƙusar da ake bugawa da zafi ke nan, aikin dā. In ka ji sumul sai tabon walda, ya fi ƙuruciya. Ka bi gefen firam ɗin a hankali kana neman wani ɗan faranti na zubin ƙarfe, galibi bai wuce tafin hannu biyu ba. A kansa kamfanin da ya ƙera yake sa sunansa da garinsa da shekara. In ka ga Birmingham ko Gloucester, garuruwa ne na Ingila da suka yi suna wajen ƙera taragu. Haruffan SGR suna nuna zamanin da ake kiran hukumar Sudan Government Railways, SR, wato Sudan Railways, kuma ya biyo baya. Hatta ƙarfen dogon da kake tsaye a kai, ka duba cikinsa, sau da yawa akwai shekarar da aka murza shi. Layi ya iso Kasala a 1924, ya iso Gadarif ɗinku a 1928, aka haɗa shi da Sinnar a 1929, don haka kada ka yi mamaki in ka ci karo da ƙarfen da ya girmi kakanka.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Mutanen Atbara sun iya raya mataccen tarago, sukan ciri boji daga wannan su sa wa wancan. In shaidu suka saɓa, faranti ya ce kaza, ƙafafu suka ce kaza, ka rubuta duka biyun a littafinka, ka ƙera shi yadda ka gan shi.

Tambaya, daga wani ɗan'uwa da ke aiki a Jidda: Malam, na sayi akwatin ɗan jirgin ƙasa mai layi da inji, an rubuta HO a jiki. Ina so in mayar da taragun su zama irin na Sudan. Fenti kawai zan sāke?

Amsa: Ɗan'uwa, fenti ba zai ishe ka ba, amma kuɗinka bai faɗi ba. Layin da ka saya shi ne dukiyar da ke cikin akwatin nan.

Ga yadda lissafin yake. HO na nufin an rage komai sau 87. Faɗin layinsa milimita 16.5 ne, wanda yake wakiltar layin Turai da Amurka mai milimita 1,435, irin wanda ya haɗa Dammam da Riyad tun 1951. Namu na Sudan kuwa milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa uku da inci shida. In ka raba 1,067 da 87 za ka sami 12 da ɗan ɗoriya, ka ga layinka ya yi faɗi da yawa. Taragonmu jikinsa yakan fito waje sosai ya rufe ƙafafu, kamar mai ƙiba a kan siririn benci, kuma wannan shi ne kamanninsa. In ka ɗora shi a kan faffaɗan layi, duk wanda ya tashi a bakin tasha zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Mafita biyu ce. Ko ka nemi layi mai milimita 12 ka zauna a kan 87, ko kuma, kuma wannan na fi so, ka riƙe layinka ka sāke ma'auni zuwa 64. Raba 1,067 da 64, za ka sami 16.7. Tsakaninsa da 16.5 ko kaurin farce bai kai ba. Haka masu wannan sana'a suke yi a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyuzilan, inda suke da layi irin namu. Sai ka cire jikin taragun da ka saya, ka riƙe ƙafafun, ka gina naka a kai. A wannan ma'auni mita ɗaya milimita 15.6 ce. Tarago mai tsawon mita 11, a misali, zai zo milimita 172, mutum kuma wajen 27. Ya fi daɗin aiki ga mai yanka da reza.

Akwai abin da ke sa ni jin daɗin wannan lamba ta 1,067. Ita ce dai faɗin tsohon layin Nijeriya. Injiniyan da ya jagoranci shimfiɗa layi daga Wadi Halfa ya keta hamada zuwa Abu Hamad a 1897, wani ɗan Kanada mai suna Percy Girouard, shi ne aka kai Arewacin Nijeriya a 1907 ya shugabance ta, kuma a hannunsa aka soma layin Baro zuwa Kano. Jirgi ya shiga Kano a 1911, a shekarar da layin Sudan ya kai Ubayyid. Abin da ke tsakanin garuruwan nan biyu, kakanninmu a ƙafa da jaki suka ci shi, suna tsayawa noma da tsinkar auduga don neman guzurin Makka. To taragon da ka ƙera na Kosti zai hau layin wanda ya ƙera na Zariya ba tare da an gyara komai ba.

Tambaya, daga wata malamar firamare a Kasala: Baba, ina so ni da ɗalibaina mu gina ƙaramar tashar jirgi a kan teburi. Ba mu da kuɗin sayen kaya daga waje. Me ya kamata ya kasance a tashar, kuma da me za mu yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya saka miki. Yaran da suka iya motar kara sun riga sun yi rabin karatun.

Kada ku cika teburin. Tashar daji ta Sudan layi ɗaya ce da ke rabuwa biyu don jirage su wuce juna, ta sāke haɗewa. A kowane bakin rabuwar akwai ƙarfen juya layi mai nauyi a kansa, wanda muhawwilji, wato mai juya layi, ke kamawa ya kifar. Can nesa kaɗan sai sanafor, dogon turke mai jan hannu da farin zane, ana jan sa da waya daga tasha. Tsinken tsire da guntun gwangwanin madara sun isa yin sa. Sai sahrij, tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, da bututun da ke karkatowa ya shayar da inji. Gwangwanin tumatir ƙarami da wayar keke za su ba ku shi. Ruwa shi ne ran jirgin kwal. Shi ya sa tashoshin hamadar Nuba, waɗanda ko suna ba su da shi sai lamba, aka fi sanin Nimra Sitta, wato Lamba Shida, a cikinsu, saboda rijiyarta.

Falanka, wato katakon da ke ƙarƙashin dogo, ku yanka kwali ko ku jera ashana. Ƙasar kuwa ku ɗebo yashin kogin Gash ku tankaɗe, ku shimfiɗa, ku jiƙa ƙaro a ruwa ku riƙa ɗiga masa da cokali. In ya bushe zai kama gam. Ƙaron nan da taragu suka yi shekaru suna ɗauka daga Kurdufan zuwa Bortsudan shi ne zai riƙe muku layin. Kawunan ƙusoshi a jikin tarago kuwa, ku kwantar da siririn gwangwani a kan katako mai taushi, ku riƙa danna dakusasshiyar allura ta baya, a jere.

Ku ba kowane yaro irin kaya guda: rufaffen tarago na buhunan riɗi da dawa, buɗaɗɗe na dilolin auduga, mai tagogin iska na tumaki da shanun Niyala, wadda layi ya kai a 1959, da tankar mai. A ƙarshen jirgi kada a manta sibinsa, inda gadi ke zama da birkinsa da fitilarsa. Ina roƙon ki kuma ki koya musu tablet. Wani ƙarfe ne da nazirin tasha, wato shugabanta, ke miƙa wa direba a cikin 'yar jaka mai babban zobe, kuma ba mai shiga layin da ke tsakanin tasha biyu sai yana riƙe da shi. Ki yi musu na waya, ki ce wanda ba ya riƙe da zoben ba zai tura jirginsa ba. A rana ɗaya za su gane yadda layi ɗaya ke ɗaukar jirage masu zuwa da masu tafiya ba karo.

Tambaya, daga wani dattijo a Madina: Taragun da ke tsohuwar tashar Anbariyya, irin na Sudan ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, dangi ne na nesa. Layin Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta shimfiɗa daga Dimashƙ ya iso Madina a 1908, faɗinsa milimita 1,050 ne, ya gaza namu da 17. Kayansa kuma yawanci daga Jamus da Beljiyam da Suwizalan suka fito, namu kuwa daga Ingila, don haka sifar ta bambanta. Amma ga mai ƙera ƙanana, 1,050 a raba da 64 ya ba da 16.4, layi ɗaya ya ɗauke su duka.

Tambaya, daga wani matashi a Sinnar: Baba, na ga farantin kamfani a jikin wani mataccen tarago. In ɓamɓare in ajiye kafin 'yan gwangwan su yanka shi?

Amsa: A'a ɗana, kada ka taɓa. Kayan hukuma ne ko da ya mutu, kuma tarago in an raba shi da farantinsa ya zama ba shi da asali ga duk wanda zai zo bayanka. Ka ɗora farar takarda a kai ka goga fensir ko gawayi, rubutun zai fito tsaf. Kafin ma ka kusanci wurin ka je ka gaida nazirin tasha ka nemi izini, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an ce maka to. A halin yaƙin da ƙasa take ciki tun 2023, mai yawo da tef da kamara a tasha zai iya jawo wa kansa abin da bai nema ba. Inda aka yi faɗa kuma, kada ka shiga ciyawa tsakanin taragu, kada ka ɗaga ƙarfen da ba ka san shi ba.

Amma tsoron da ya sa ka yi tambayar, ina da irinsa. Da muka baro Madani a watan Disamba na 2023, na bar taragu goma sha huɗu a kan kanta, aikin shekaru. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan jirgin Jazira, mai siririn layi na milimita 610, wanda ke kwaso auduga daga gonaki zuwa injinan gurza na Hasahisa da Marinjan. Na ɗora shi a kan layi mai milimita 9, na yi dilolinsa da audugar gaske da na tsinko a bakin hanya. Matata ce ta tura littafin awona cikin jakar tufafi ban sani ba, sai da muka sauka na gan shi. Tsawo, faɗi, tazarar ƙafafu, yawan katakon kowace ƙofa, duk suna ciki, kuma da shi na sāke ƙera uku zuwa yanzu.

In an ba ka izini, ka auna tsawon firam, da faɗinsa, da tsayi daga kan dogo zuwa rufi, da tazarar da ke tsakanin ƙafafu, da faɗin ƙofa. Ka zana gefe ɗaya da goshi ɗaya ko da zanen bai yi kyau ba, ka rubuta ranar da wurin. Ka aiko mini da kwafi ta hannun mujalla tare da takardar da ka goga. Ba ni da awon ko da tarago ɗaya na dabbobi, in akwai shi a cikin na Sinnar ka fara da shi.