Koyil ɗin motata na yawan ƙonewa, ko ƙwaƙwalwar motar ce ta tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja da Corolla tsakanin Daura da Katsina. Sau biyu ke nan ana canza mini koyil, amma motar ta koma karkarwa, ba ƙarfi, ga shan mai. Bakanikena kan zare koyil injin na aiki, ya nuna mini wuta na tashi. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, a fara duba fulogi. Batir volt 12 kawai yake bayarwa. Koyil ke ɗaga shi zuwa volt 20,000 ko fiye, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwar mota, wato na'urar da ke sarrafa injin, ta katse wutar da ke shiga cikinsa. Wutar nan ce ke tsallake ɗan gibin bakin fulogi, kusan milimita 1, ta kunna mai. Idan fulogi ya cinye, gibin ya buɗe, koyil ya yi ta wahala har ya ƙone. Sabon koyil a kan tsohon fulogi asarar kuɗi ce. A leƙa ramin fulogin ma, ko baƙin mai na zuba ciki.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gwajin bakanikenka. Kullum ina ganin wannan a garejojin Katsina, kuma wallahi ganganci ne. Wai "a ga wuta"! Idan ka zare koyil injin na aiki, wutar ba ta da inda za ta sauka, sai ta huda rufin koyil ɗin daga ciki. Lafiyayyen koyil ma ana kashe shi da wannan gwajin, wani lokaci a haɗa da ƙwaƙwalwar da kake tsoro. Ga yaron gareji ya sunkuya, hannu jiƙe da fetur, tartsatsi na tashi kusa da fuskarsa. In gobara ta tashi, wa zai biya? Kuma ganin wuta a fili ba ya nufin za ta tashi cikin silinda, inda matsin iska ya fi ƙarfi.

Ka sa a jona kwamfutar gwajin mota. Lambobin matsala P0301 zuwa P0304 da take fitarwa za su nuna silindar da ke fashin ƙona mai. A kashe injin, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciya, a tayar. In matsalar ta bi koyil, shi ne. In ta tsaya, a koma kan fulogi da nozul mai fesa mai.